Kle ya ƙi kama rezo a Linux Mint: in koma Windows ko in sayi akwati?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da shagon buga takardu da fotokofi kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Kwamfutata ta tsufa, ba ta ɗaukar Windows 11, ga shi Microsoft ta janye kulawa daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Shi ne ƙanena ya sa mini Linux Mint 22 a madadin Windows. Na'ura ta yi sauƙi, LibreOffice na buɗe takardun ɗalibai lafiya lau. Kle ɗin intanet, wato ɗan modem na USB da ake sa wa layin waya, shi ne ya gagara. In na soka shi sai ya fito kamar faifan CD, da fayil mai .exe a ciki, rezo kuwa babu. Na je wajen kamfanin layin, suka ce su Windows da Mac kaɗai suka sani. Ɗalibai ta imel suke turo mini aiki, kuma da shagon nan nake ciyar da iyali. Don Allah ku ba ni shawara.

Baban Nana: Wa alaikumus salam. Malam, koma Windows ɗinka ka huta. Mai neman abinci ba ya gwaji da sana'arsa.

Mai gyara daga Sabon Gari: Baban Nana, ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Kwamfutar da kle ɗin ajiyar fayil na mutane iri-iri ke shiga kullum, a kan Windows ɗin da aka daina toshe masa kafa? Mu ake kawo wa su gyara. Malam, eriyar kamfani ba ta san abin da ke cikin kwamfutarka ba, layi kawai ta sani. Kle ɗin ne aka ƙera shi ya fara nuna kansa a matsayin faifai don ya girka manhajar Windows, daga baya ya juya ya zama modem. A Linux wani ɗan shiri mai suna usb-modeswitch ke yin wannan juyin, kuma yawanci yana zuwa da Mint. Ka fara fitar da faifan nan da maɓallin fitarwa, kle na soke, ka ɗan jira. Wasu da haka suke juyawa. In bai yi ba, buɗe terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb, ka turo mana layin da ke da sunan kle ɗin. Lambobin nan biyu da ke bin kalmar ID su ne za su nuna ko ya juya. Kafin nan ka sa layin a waya ka cire masa PIN, ka kuma duba APN, wato sunan mashigar intanet ta kamfanin layin, a saitin wayar ka rubuta a takarda. Shi ne abu ɗaya da kake buƙata daga kamfani, shi za ka sa in ka ƙirƙiri haɗin salula a saitin rezo.

Maman Hafsat: Yaya, kafin a gama wannan, kada aikin yau ya tsaya. Jona wayarka ta Android da igiyar USB, ka kunna raba intanet ta USB. Mint zai gan ta nan take, ba sai ka girka komai ba. Da haka nake aiki a ofis a unguwar Ali Dan Sofo.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gwada na waya, ya kama. Na kuma sa layin a waya na tarar PIN na kunne, na cire. To akwatin 4G fa, wato na'urar da ake sa wa layi tana raba intanet, shi ma zai ba ni wannan wahalar?

Mai gyara daga Sabon Gari: Ko kaɗan. Akwati shi ke kiran rezo da kansa, kai igiyar Ethernet ko Wi-Fi kawai za ka jona. Saitinsa ma ta Firefox ake yi, adireshin na rubuce a jikinsa, na Huawei galibi 192.168.8.1. Ga shago shi na fi so maka. Sai dai ka tambaya ko yana da batir, saboda ɗauke wuta lokacin zafi, ka kuma ari na wani ka gwada ƙarfin rezo a cikin shagon kafin ka fitar da kuɗi.

Maman Hafsat: Ka kuma kula da sabuntawar Mint. Na farko bayan girkawa kan cinye ɗaruruwan mega, in forfe ɗinka ƙarami ne ka bari sai ka sayi babba. Turo lambobin lsusb ɗin dai, wataƙila kle ɗin ma ya tashi tunda PIN ya fita.