Noti ya yi siz: ya cije ne ko ya kafe?

Jama'a, musamman masu taɓa motarsu a gida ranar Asabar, ku zo mu tsayar da magana ɗaya. Wannan siz ɗin da makanikai ke faɗa in notin birki ya ƙi juyawa, me za mu ce masa da Hausa?

Ina nufin ɗan notin nan na jikin kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) da ake sassautawa a fitar da iska, wanda suke kira bilida, da kuma na bakin bututun man birki. Galibi sifana 8 ko 10 ko 11 ke kama su. Sun fi yin haka a motocin da aka kawo daga Kanada da arewacin Amurka, don can gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ta shiga zaren ta haɗe noti da mazauninsa.

Wani ya ce ya maƙale. A'a malam, abin da ya maƙale ai yana ɗan motsi, wannan ko gezau. Ya daskare kuma sai ka ce man shanu. Ya kafe ta yi kusa, amma rijiya ma kafewa take, kuma in ka ce birki ya kafe mutum zai ɗauka feda ce ta ƙi takuwa. Ni dai ya cije nake so, don kamawa ce ta haƙori, zare ya riƙe zare.

Kuma a raba shi da ya sule, wato ka sa sifana mai buɗaɗɗen baki ka yi ta murɗa har kusurwoyin suka cinye kan ya zama mulmulalle. Sai ya guntule, shi ne babban tashin hankali, tunda bilida rami ne a cikinsa ba ya ɗaukar ƙarfi, kana dannawa sai ƙas, rabi a hannunka rabi a ciki, daga nan sai wajen mai walda ya ɗora wani noti a kan guntun, ko ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano neman kalifa.

To in ya cije, fesa WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, ka bar shi ya kwana, ɗan bubbuga shi, ka ɗan ƙara ɗaurewa kafin ka kwance, da sifana mai zobe. Wuta kuma a yi hankali, akwai roba a kalifa.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ya kuke cewa a garejinku?