Neman shawara: PSU mara ƙara don kwamfutar tebur

Abban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin ɗaukar murya a gida a nan Kano, tallace-tallacen rediyo da karatun da ake ɗorawa a YouTube. Kwamfutata ta tebur ce da aka haɗa mini: furosesa Ryzen 5 5600, katin hoto RTX 3060, sai PSU, wato fawa-fak da ke ba kwamfutar wuta, mai 500W da ya zo tare da akwatin, ba shi da wani suna da na sani. Damuwata ƙara. Da rana akwai wani "shuuu" da makirufo ke kwasowa, da dare kuma idan na koma kan inbata sai wani "zzzz" ya ƙaru a kai. Ɗakin babu AC. Wani abokina ya ce in sayi mai 1000W wanda fankarsa ba ta juyawa, shi ke nan na huta. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake so in ji ta bakin masana kafin in shiga kasuwa. Wanne zan saya, kuma me zan duba a jikin kwalin? Allah ya saka da alheri.

Mai Gyara na Fagge:
Wa'alaikumussalam. Malam, ka tsaya tukuna da maganar saye. A cikin akwatin nan akwai fanka aƙalla huɗu: ta furosesa, ta katin hoto, ta jikin akwati, da ta PSU. Sau da yawa mutum kan zo da ƙorafin PSU, a buɗe a tarar ƙaramar fankar bayan akwati ce ke ihu. Ka buɗe murfin gefe, ka naɗe kwali ya zama kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kunnenka, ɗayan ka riƙa kai shi kusa da kowace fanka. Fankokin akwati kana iya zare wayarsu na ɗan lokaci ka ji bambanci. Ta PSU kuwa kada ka zura mata komai, kuma kada ka kwance shi, domin akwai manyan kafasita a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ka kuma lura da irin ƙarar. Hucin iska daban, "kar-kar-kar" na boris da ya cinye daban, tsuwa mai tsini kamar ta sauro daban. Kowanne da maganinsa.

Injiniya S.:
Abin da Mai Gyara ya faɗa shi ne matakin farko. Bari in ɗora a kai, a kan zaton PSU ɗin ne, don irin waɗanda ke zuwa kyauta da akwati ba kasafai suke da shiru ba.

Fanka ba ta gudu don ra'ayin kanta, zafi ne ke sa ta. Zafin kuma wutar da PSU ya ja daga bango ce amma bai iya miƙa ta ga kwamfuta ba. Kayanka idan suna aiki sosai, RTX 3060 kan ci wajen 170W, furosesar ba ta kai 90W ba, idan an haɗa da sauran tarkace ka ce 300W. PSU mai inganci kashi 80 cikin ɗari zai ja 375W kafin ya ba ka wannan 300, ragowar 75W ta zama zafi a cikinsa. Mai kashi 90 zai ja kamar 333W, zafinsa 33W kawai. Ka ga bai kai rabi ba. Wanda zafinsa ya yi ƙasa haka, fankarsa tana iya tafiya a hankali ta gama aikinta.

Wannan shi ne amfanin tambarin 80 Plus da kake gani a kwali, tsarin da aka fara a 2004. Bronze yana nufin kashi 85 a rabin lodi, Gold kashi 90, a gwajin wuta mai bolt 115. A irin tamu mai 230 lambobin kan ɗan haura. Sai dai tambarin nan bai auna ƙara ba ko kaɗan. Ana samun Gold mai fanka mara kyau da ke damun mutum. Masu auna ƙara su ne Cybenetics, suna da ma'aunin da suke kira Lambda: A++ ƙasa da desibel 15, A+ daga 15 zuwa 20, A daga 20 zuwa 25, A- daga 25 zuwa 30, daga nan sai ajin Standard. Ga mai ɗaukar murya, A ko sama da haka nake ba da shawara. Ka rubuta sunan samfurin a shafinsu ka ga rahotonsa kafin ka biya.

A kan fankar kanta, ka nemi mai milimita 120 zuwa 140. Babba tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu ba. Ka kuma duba a rubuta FDB, wato fluid dynamic bearing, a bayanin boris ɗinta. Mai boris irin na sleeve ta fi arha, tana farawa shiru, amma zafi na busar da man cikinta da wuri, sai ta fara gurnani.

Sadiq Gamer:
Yaya kawai ka ɗauki Corsair RM1000x ka manta da zancen. Fankarsa ba ta motsi sai lodi ya yi yawa. Da kayanka ba za ta taɓa tashi ba.

Injiniya S.:
Ƙanena, kayan da ka ambata mai kyau ne, ba musu. Amma mutumin da ke cin 300W me zai yi da 1000W? Nvidia da kansu 550W suka ce ya isa RTX 3060. Idan ya ɗauki 650W ko 750W, yana zaune a wajen rabin lodi lokacin aiki mai nauyi, inda ingancin ya fi kyau, ga kuma sarari idan ya canza kati nan gaba. Rarar kuɗin ya sa ta a wani wuri.

Sannan "ba za ta taɓa tashi ba" ɗin nan ina da ja a kai. A yawancin irin waɗannan, lodi da zafin ciki ne tare ke yanke hukuncin tashin fanka. Masu gwajin da kake kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi suke. Ɗakin Abban Ummi a watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, babu AC, wani labari ne daban. Fankar za ta tashi, ta tsaya, ta sake tashi. Ga mai wasa wannan ba komai ba ne. Ga mai ɗaukar murya kuwa ya fi ƙara mai ɗorewa ɓarna, domin manhajar tace sauti tana iya koyon ƙara ɗaya da ba ta canzawa ta cire ta, amma wadda ke zuwa tana tafiya a tsakiyar jimla sai ta bar tabo.

Sadiq Gamer:
To ai nawa tun da na saya ban ji ta ba.

Mai Gyara na Fagge:
Sadiq, kai da hedifon a kunne kana harbe-harbe, ko jirgi ya sauka a ɗakin ba za ka ji ba. Ni ina bayan Injiniya. Akwai hanya biyu. Kamfanin be quiet! na Jamus, a jerin Straight Power da na sani, fankarsu ba ta tsayawa, amma tana tafiya a hankali ƙwarai har sai ka kai kunne kusa. Seasonic Focus GX kuma yana da maɓalli a baya, kai za ka zaɓa ko ta riƙa tsayawa ko ta ci gaba da juyawa. A ƙasar zafi na fi son ta juya. Iskar nan kaɗan tana ƙara wa kafasita kwana. Masu babu fanka kwata-kwata ma akwai su, Seasonic na yi, amma tsada gare su kuma sun dogara da iskar cikin akwati, ban ga dalilinsu a ɗaki mara AC ba. Wani abu da mutane ba sa dubawa: a bayanin kaya ana rubuta zafin da aka yi alkawarin cikakken ƙarfi a kansa. Masu kyau digiri 40 ko 50 ne. Wanda aka rubuta 30 ko aka yi shiru, ka ajiye musu abinsu.

Maman Hanan:
Malam Abban Ummi, ni ma aikin murya nake yi, bari in tsoma baki ta ɓangarenmu. Ko ka sayi mafi shirun PSU, idan kwamfutar na kan tebur ɗaya da makirufo za ka ji ta. Ka sauke ta, ka matsar da ita nesa da tebur, ka sayi doguwar wayar USB da ta allo. Ka juya bayan makirufo ya fuskanci inda take, don yawancin na murya ta gaba suke ji. Idan makirufo irin kondensa kake amfani da shi, shi komai yake kwasa har kukan akuyar maƙwabta. Makirufo irin dainamik ya fi haƙuri da ɗaki irin namu saboda bakinka na kusa da shi. Wannan bai hana ka sayen PSU ba, amma ka fara da na banza kafin na kuɗi.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Duk kun tsallake rabin tambayar. Ya ce da dare a kan inbata ƙarar ke ƙaruwa. Wannan ba fanka ba ce. Inbata iri biyu ne: mai fitar da wuta mai santsi irin ta gari, wanda ake rubuta pure sine wave a jikinsa, da mai fitar da ita mataki-mataki, modified sine wave, wanda ya fi arha. Wutar na biyun idan ta shiga PSU sai nannaɗaɗɗun wayoyin ciki su riƙa rawa, shi ne "zzzz" ɗin da kake ji. Abin da zai ba ka mamaki, sabon PSU mai kyau ba lalle ya warkar da wannan ba. Kusan duk masu tambarin 80 Plus suna da abin da ake kira Active PFC, wani sashe da ke daidaita yadda suke jan wuta, kuma wasunsu ba sa jituwa da irin wannan wuta, su yi ƙara ko su ɗauke lokacin da UPS, wato batirin ko-ta-kwana na kwamfuta, ya karɓa. Ka duba jikin inbatarka ka faɗa mana.

Na biyu, ka duba inda aka rubuta wutar shiga a kwalin PSU ɗin. Wasu bolt 100 zuwa 240 ne, wasu 200 zuwa 240 kaɗai, an yi su don kasuwar Turai su yi arha. A unguwannin da wuta ke zuwa da rauni, mai 100 zuwa 240 ne zai ci gaba da aiki. Amma ka sani idan wutar ta yi ƙasa yana ƙara zafi, fanka ta ƙara gudu, don haka sitabilaiza na da ranarsa.

Abban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na yi gwajin kwalin Mai Gyara. Fankar katin hoto ba ta ma juyawa idan ina ɗaukar murya. Ta furosesa tana ɗan huci, amma babbar ƙarar daga PSU take, har da "kar-kar" kaɗan a ciki. Inbata kuma na duba, modified sine wave aka rubuta. Maman Hanan, na sauke kwamfutar ƙasa, an sami sauƙi sosai. Yanzu na tsaya a kan Gold mai 650W. Wani mai shago ya nuna mini na hannu, ɗan Beljiyam, a rabin kuɗi. In ɗauka? Kuma kafin in iya canza inbata ya zan yi?

Injiniya S.:
Na hannu a PSU ba na so, musamman ga mai neman shiru. Abubuwa biyu ne ke tsufa a cikinsa, fanka da kafasita, su ne kuma ba ka iya ganewa a tsaye a shago inda janareta ke ruri. Sabon Focus GX ko Corsair RMx garantin shekara 10 kamfanin ke bayarwa. Ko da mayar da shi daga nan zai yi wuya, tsawon garantin na nuna irin kayan da suka zuba. Ka nemi mai shagon ya rubuta maka nasa garantin a rasit, ka kuma yi sharaɗin canji idan ya zo da tsuwa. Tsuwar nan sa'a ce, samfuri ɗaya wani na yi wani ba ya yi, kuma fanka ba ta da hannu a ciki. Ka kula da tambarin bogi ma, buga sitika ba wuya. Jerin waɗanda aka tantance yana shafin 80 Plus, ka nemi lambar samfurin daidai harafi da harafi.

Maganar inbata, ka fara gwada sabon a kansa tun kana cikin kwanakin canji. Idan ya yi ƙara ko ya ɗauke, ka riƙa ɗaukar murya lokacin da akwai wutar gari, ka bar gyaran sauti da dare, har Allah ya hore ƙaramin pure sine wave ko da na kwamfutar kaɗai ne.

Bashir K.:
Don Allah a taimaka mini ni ma, tawa HP ce ta ofis da na saya ta hannu, ƙaramar nan mai kwanciya. Zan iya sa mata irin wannan?

Mai Gyara na Fagge:
Bashir, da wuya. Yawancin HP da Dell na ofis suna da nasu girman da nasu soket, wasu mai ƙafa shida wasu takwas, ba mai 24 da kowa ya sani ba. Ka ɗauko hoton takardar jikin PSU ɗinka da soket ɗin da ke shiga madabod ka buɗe sabuwar tambaya, mu duba.

Abban Ummi, ranar ɗaurawa: ka auna tsawon gurbin, wasu milimita 140 ne wasu 160, kada ka kawo wanda ba zai shiga ba. Idan akwatinka na da ƙofar iska a ƙasa, fankar ta kalli ƙasa ta sha iskar waje maimakon zafin katin hoto. Tunda ka sauke ta, kada ka aza ta kan kafet, sa mata katako. Ragar tace ƙura ta ƙasan nan ka riƙa zaro ta kana kakkaɓewa, da hunturu ma akai-akai, don toshewarta kaɗai ta isa ta mayar da kai inda ka fito. Idan kuma sabon mai wayoyin cirewa ne, nasa wayoyin kaɗai za ka yi amfani da su. Na wani kamfani na iya shiga ramin daram amma jerin ƙafafun ya bambanta, yana kunnawa ya ƙone maka SSD, wato ma'ajiyar fayilolinka, da duk muryoyin da ke ciki.