Jika 45 don koyon rubutun barkwanci, ko in sayi mikro?

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga, ba waɗanda suka ji an ce ba. Gyaran salula nake a Katako. Shekara biyu ke nan ni da yaran fadarmu muna ɗaukar ƴan bidiyon ban dariya da Hausa. A fada in na ba da labari har shayi ke ɓarewa don dariya, amma da an kunna kamara sai abin ya yi lami, minti huɗu babu inda mutum zai murmusa sai can ƙarshe. To wani zai buɗe ajin rubutun barkwanci, Asabar shida, jika 45, kuma da Faransanci zai koyar. Jika 50 gare ni cif, na tara don sayen mikro. Asabar da yamma kaɗai maigidana ke sakina. Darasin Faransanci zai amfani mai wasa da Hausa? Ran Alhamis za a rufe rajista.

Abba Lazare:
Ka shiga IFTIC, makarantar koyon aikin jarida, kawai ƙanena, ka fito da diflom ɗinka a hannu.

Ɗan Bukoki:
Yaya Abba, na ce Asabar da yamma kaɗai gare ni.

Hajiyar Yantala:
Ɗana, ban dariya baiwa ce. Marigayi Ibro wane aji ya shiga? Ƴan kama da ke zuwa gidan biki suna wa'azin tuwo da miya har tsofaffi su riƙe ciki, wa ya ba su kaye da bik? Yazi Dogo fa? Riƙe kuɗinka.

Mushe Isa:
Hajiya, a yi mini afuwa, Yazi Dogo ai mushen lakwal ne, alli ya riƙe kafin duniya ta san shi a tele. Ƴan kama kuma gado ne, yaro na bin ubansa shekaru yana ɗaukar kaya yana sauraro. Ajin ke nan, tablo ne kawai babu.

Ɗan Bukoki, ni na yi irin wannan na kwana biyar a wata cibiyar al'adu nan Yamai, da Faransanci. Ba a koya mini abin dariya ba, an koya mini inda ake ajiye shi. Na kai rubutu na ce: "Maigidana marowaci ne ƙwarai, kullum mai shayi ya zo karɓar kuɗinsa sai ya ɓoye don tsoro." Malamin ya ce ka faɗi ƙarshen tun a farko, me ya rage? Muka juya shi: "Abu uku maigidana ke tsoro a duniya: Allah, mutuwa, da mai shayi." Biyun farko suna shimfiɗa hanya, na uku ya kauce. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce ta ƙarshe, kana faɗinta ka kama bakinka, kada ka bi ta da bayani. Sannan ya sa mu karanta wa juna a tsaye, wani na riƙe da agogo yana sa alama duk inda aka yi dariya. Shafi biyuna ya koma rabin shafi. Ya yi mini zafi ranar. Wannan ita ce cutar minti huɗunka. A fada suna dariya ne don sun san maigidanka, sun san tafiyarsa da tarinsa. Mai kallo a Maraɗi bai san shi ba, sai ka gina masa shi cikin layi biyu.

Inda Faransanci bai yi mini rana ba shi ne wasa da kalma. Habaici, zambo, karin magana da aka karkatar, malamin ko ɗaya bai ji ba. In na fassara masa sai abin ya mutu a hanya.

Ba'adare Mai Haƙuri:
Ɗan uwa, kak ka biya. Ni daga Tawa nit taso, kilomita fiye da 500, don irin ajin ga. Jika 75 nib biya, ban da kuɗin mota, ban da abin da nic ci. Albasar babana anka saida, na rantse mishi da cewa sana'a za ni koyo. Na sabka wurin ɗan gwaggona a Talaje, muna kwana mu huɗu ɗaki guda.

Ranar farko mutumen ya zo da kwat cikin zahin ga, ya ce kowa ya kawo shahi biyar na abin da ya fi so cikin rubutunshi, shi gyara muna. Ni kau wauta, na ba shi wanda nif fi ƙauna: Ba'adaren da ya dawo daga Abijan bayan shekara bakwai, da babban akwati bisa jaki, gari duk ya hito tarbo, anka buɗe akwati babu komi ciki sai wani akwatin. Dare ukku ina gyara shi da hitilar salula. Mu goma sha huɗu munka ba da namu.

Zama ukku munka yi. Na huɗu munka iske ƙohwa da kwaɗo, mai gadi ya ce shi ma ana bin shi kuɗin haya. Lamba a kashe. Na koma Tawa ba takarda ba kuɗi, babana bai ce mini komi ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Bayan wata huɗu ƙanena ya miƙo mini salula yana dariya, ya ce duba wanga. Akwatina ne. Wani ɗan wasa daban, sun maida Ba'adaren Bagobiri, amma ko sunan jakin ba su sake ba. Har yau in an tura mini shi sai in ji kamar an taka mini ciki.

Zarmaganda 1:
Allah ya isar maka. Amma gaskiya da suka mayar da shi Bagobiri labarin ya fi kama da gaske.

Bagobirin Wadata:
Ji bawana. Kai da ko akwatin ba ka da shi, a leda kake tafiya. Zo ka ɗauki takalmina tukuna.

Mushe Isa:
Ga darasi kyauta. Wannan taubasantakar ce UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar, ku kuna ɓarnatar da ita a nan.

Ramatu K.:
Jika 75? Jika 45? Ni dubu tara na biya bara, har da atestasiyo.

Ɗan Bukoki:
Dubu tara? Anti Ramatu a ina, don Allah?

Ramatu K.:
Dala dubu tara nake nufi.

Bagobirin Wadata:
To ai jika 45 ɗin ke nan, Anti! Kin sa yaro ya fara ɗaura takalmi.

Sani Montaj:
Ni ban taɓa biyan ko dala ba. Wata ƙungiya ta yi mana na sati ɗaya kan wasan faɗakarwa, su suka ba mu pardiyam ma, da abincin rana. Duk wanda ya ce ka biya, ɗan kasuwa ne.

Ramatu K.:
Wancan ai wasan rigakafi da wanke hannu ne, Sani. An rubuto muku saƙon, ku dai ku sa hular ban dariya. Namu mun fito da ƙungiyar mutum biyar, har yanzu duk Lahadi muna haɗuwa muna yanka rubutun juna. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina. Da can mahaifiyata kaɗai nake karanta wa, ita kuwa komai na ce sai ta ce ya yi.

Hajiyar Yantala:
Mushe, da aka koya maka ajiye kalma a ƙarshe, bidiyonka nawa muka gani? Ni shekara talatin ina zuwa kallon wasa tun ana cika CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, na san mai ban dariya tun daga tafiyarsa.

Mushe Isa:
Hajiya, mai cin tuwo shekara talatin ba shi ne mai tuƙa shi ba, da girmanki. Ki dubi Mamane, mai barkwanci ɗan ƙasar nan. Shirinsa na Gondwana da ya riƙa yi a rediyon Faransa RFI kusan kullum, kina jin da ka yake zubo shi? Zama ake a rubuta.

Abba Lazare:
Mamane da Faransanci yake yi, masu saurarensa na Abijan da Paris. Kuma RFI ɗin ma tun 2023 ba a kama ta a nan. Ku kawo misalin da ya yi kama da yaron Katako.

Ba'adare Mai Haƙuri:
Duk wanda bai rasa jika 75 ba shi yi shiru. Ni ɗai ka da bakin magana nan.

Sani Montaj:
Malam Ba'adare, ai ba sai an shiga aji ake sata ba. Bidiyon da na kwana ina haɗawa, kuran na ɗaukewa ina jira ta dawo, washegari wani shafin Facebook ya sauke shi, ya manna tambarinsa daidai kan sunana. Shi ke da masu kallo, ni ke da bashin forfe. Na yi masa magana ya ce in gode, talla ya yi mini.

Ramatu K.:
Wannan kalmar "talla" ita ta kashe mu. An kira mu wani biki a Plato, mun yi minti ashirin, mawaƙi an ba shi ambulan, mai kiɗa an ba shi, mu aka ce a ba su lemo da kuɗin tasi. Jika biyu, mu biyar. A ƙafa muka taka har bakin kwalta.

Bagobirin Wadata:
Ku an ba ku lemo ma. Ni uwar amarya ta ce in tsaya a yi mini hoto da ango, wai shi ne ladana.

Ɗan Bukoki:
Na gode duka. Amma gobe Laraba fa. Mushe Isa, in na je in nemi ya bar ni in zauna zaman farko kafin in biya, ana yarda da haka?

Zarmaganda 1:
Ina da mikro na hannu, jika 30, sau biyu aka yi aiki da shi. Bagobiri ne ya yi magana a ciki, amma na wanke.

Sani Montaj:
Anti Ramatu, bikin nan na Plato, mai shirya shi wani dogo ne mai farar mota? Don in shi ne, ni ma yana riƙe mini jika 15 tun kafin azumi.