Wai Rolex ne ke da Tudor da Zenith?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Na samu wani tsohon agogon Tudor, da na juya bayansa sai na ga an rubuta Rolex, har maɓallin gefe ma kambin Rolex ne a jiki, shi ne nake ta tunani ko haɗe-haɗe aka yi min, wani kuma ya ce min ai har Zenith ma ta Rolex ce. Don Allah a warware min.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, haka tsofaffin Tudor suke. Hans Wilsdorf wanda ya kafa Rolex shi ya kafa kamfanin Tudor a 1946, a wancan lokacin akwatin da maɓallin na Rolex ne, injin ciki kuma daga wasu kamfanonin ƙera injin agogo ake sayowa irin su ETA. Har yau gidauniyarsa ce ke riƙe da su biyun.

Amsa ta 2:
Maganar Zenith kam ba gaskiya ba ce, kuma tana damuna yadda ta yaɗu. Abin da ya faru shi ne daga 1988 zuwa 2000 Rolex tana sayen injin El Primero na Zenith tana gyara shi ta saka a agogonta mai suna Daytona, ciniki ne kawai, sayen inji a wajen mutum ai ba ya nufin ka mallaki gidansa. Tun 1999 Zenith tana hannun kamfanin kayan alfarma na LVMH.

Mai tambaya:
Na gode Malam. To Omega da Tissot fa?

Amsa ta 2:
Su kam sun haɗe tun 1930, yanzu duk suna ƙarƙashin kamfanin Swatch.