Neman kalma: me za mu kira "retcon" da Hausa?

Mai Tawada:
Salamu alaikum jama'a. Duk mai rubutu kan mujallun labarin zane ko shirye-shiryen ƙagaggen labarin kimiyya na talabijin sai ya ci karo da "retcon", kuma har yau ba mu tsayar mata da Hausa ba. Nufinta shi ne marubucin yau ya koma kan abin da aka riga aka fitar, ya ce ba haka ya faru ba, ko akwai abin da aka ɓoye, sannan labari ya ci gaba a kan zarensa na da. Ga misali. A fitowa ta 4 ta mujallar Avengers, 1964, kamfanin Marvel mai buga ta ya ce Captain America ya daskare cikin ƙanƙara tun 1945, yaronsa Bucky kuma ya mutu a fashewar jirgi. Alhali an ci gaba da buga labarinsu bayan yaƙin, har a 1953 da 1954 suna fafatawa da 'yan gurguzu. Sai a 1972 aka ce ai wani ne daban ya sa rigar a lokacin. Ni "kwaskwarima" na kawo. Me kuka gani?

Ɗan Kumbo:
Wa'alaikumus salam Malam. Kwaskwarima ta yi faɗi. Sauya wa jarumi riga ko sabunta zanen jirginsa duk kwaskwarima ce, ba kuwa a taɓa tarihinsa ba. Kalmar da muke nema dole ta nuna an koma baya. Me zai hana "sake lale"?

Malama Mai Fassara:
Ɗan'uwa, a ajiye "sake lale", tana da gurbinta, wato "reboot". Can ana zubar da tsohon tarihi ɗungurungum a fara daga tushe. Battlestar Galactica na 1978 da wanda aka dawo da shi a 2003 ba zare ɗaya ba ne: Starbuck namiji ne a na farko, mace ce a na biyu, kuma ba wanda ya nemi bayani, don kowa ya san sabon rabo aka yi. Idan muka ba kalma ɗaya aiki biyu, ranar da za mu bayyana Crisis on Infinite Earths na kamfanin mujallu DC, fitowa 12 daga 1985 zuwa 1986, za mu rasa bakin magana, domin can an sake lale ne amma ta cikin labarin kansa.

Shawarata "gyaran waiwaye". Waiwaye kaɗai a bar wa "flashback", inda ake nuna abin da ya wuce ba tare da an sauya shi ba. Da an haɗa da gyara, mai karatu ya san an juya baya kuma an sa hannu.

Mai Tawada:
Malama, "gyaran tarihi" fa? Ta fi sauƙi a baki.

Malama Mai Fassara:
Ta fi sauƙi, amma za ta rikice da labaran tafiya cikin zamani, inda jarumi da kansa ke komawa baya ya sauya abin da ya faru. Wannan aikin ɗan wasa ne a cikin labari. Namu aikin marubuci ne daga waje.

Tsohon Makaranci:
Na goyi bayan Malama, sai dai a raba shi uku, don ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai ciko: ba a ƙaryata komai ba, gurbi aka cike. 'Yan Klingon na Star Trek, wata al'umma daga wata duniya, goshinsu sumul yake a shirin shekarun 1960, fim ɗin 1979 ya fito da su da goshi mai tudu-tudu ba bayani. Sai a 2005 shirin Enterprise ya ware kashi biyu ya ce wata cuta ce da ta samo asali daga gwajin sauya ƙwayoyin halitta ta shafe tudun na wani lokaci. Shekara 26 ana jira, kuma duk abin da aka gani a da ya zauna daram. Wannan shi ne mafi tsafta.

Akwai warwara: an ce abin da ka gani da idonka ba haka yake ba. Nan ne ake yawan yin ɓarna, musamman wajen tayar da matacce. Sharaɗinsa uku: sabon bayani ya dace da kowane zanen da aka riga aka buga, ya faɗi inda mutumin yake duk tsawon shekarun, kuma dawowar ta zo da asara. Shi ya sa dawo da Bucky da marubuci Ed Brubaker ya yi a 2005 ya karɓu. Ba a taɓa nuna gawa ba, an ce Tarayyar Sobiyet ce ta tsince shi ba hannu ɗaya, ana daskarar da shi tsakanin aiki da aiki, wanda ya bayyana dalilin da bai tsufa ba, kuma ya dawo da jinin mutane a wuyansa. Idan aka tsallake sharaɗi na uku, mai karatu ya daina jin zafin kowace mutuwa, don ya san bayan fitowa kaɗan za a dawo da mutum.

Na uku kau da kai: ba a musanta ba, an dai daina ambato. Fim ɗin Doctor Who na 1996 ya ce Dakta, jarumin shirin da ya fito daga wata duniya, rabinsa ɗan Adam ne ta wajen uwa, shirin da ya dawo a 2005 bai ɗora komai a kan maganar ba. Ni gara wannan da mugun bayani.

Ɗan Kumbo:
Ranka ya daɗe, a ina za a sa Iron Man? A 1963 a Biyetnam ya samu rauninsa, daga baya aka mayar da abin Afganistan.

Tsohon Makaranci:
Warwara ce ƙarama, dalilinta lissafin shekaru. Da an bar shi a Biyetnam, da yanzu tsoho ne tukuf. Marvel takan janyo farkon labari kusa da yau, a bar rauni da sulke yadda suke, a sauya sunan yaƙin kawai. A kira shi "jan zamani" a ƙarƙashin warwara.

Mai Tawada:
Bari mu gwada a jimla. "An yi wa mutuwar Bucky gyaran waiwaye." "Goshin Klingon ciko ne, ba warwara ba." "Ba gyaran waiwaye suka yi ba, lale suka sake." Duk sun zauna. Jam'i fa, Malama?

Malama Mai Fassara:
"Gyare-gyaren waiwaye." Kuma a riƙa haɗa ta da "yi wa", kada a ce "an waiwaye shi", don wannan zai koma ma'anar nuna baya kawai. A rubutu, karon farko a bi ta da gajeren bayani, daga nan ta tsaya da ƙafarta.

Mai Tawada:
To an tsayar: gyaran waiwaye, da rassansa ciko, warwara da kau da kai; sake lale daban; waiwaye daban. Na janye kwaskwarima. Saura "canon", wato abin da aka yarda shi ne ainihin tarihin labari; wanda ke da shawara ya buɗe mata zare.