Abin da aka tattauna kan shiga makarantar PA a Amurka

To jama'a ga taƙaitaccen abin da masu sani suka faɗa kan karatun mataimakin likita, wato PA. Da farko sai kana da digirin farko, kuma yawancin makarantu ba sa kallon mai GPA (wato matsakaicin makin digiri) ƙasa da 3.0, amma gaskiya waɗanda ake ɗauka sun wuce haka sosai. Darussan da suke nema su ne anatomi, fiziyoloji, kimistiri da ilimin ƙwayoyin cuta, a wasu makarantun ma sai ka yi su a Amurka.

Inda kowa ya fi jaddadawa shi ne awannin aiki da marasa lafiya hannu da hannu, irin aikin ba da agajin gaggawa a motar asibiti ko taimakon nas, don wasu makarantun 1,000 suke so ko fiye, kuma bin PA kana kallon aikinsa daban ake lissafa shi, kar a haɗa.

CASPA ake cikewa, wato fom ɗin intanet na neman shiga makarantun PA, ana buɗewa ƙarshen Afrilu, a tura da wuri saboda da yawa suna ɗauka ne yadda takardu ke shigowa. GRE kam, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, wasu makarantun sun daina nema. Mai digirin Najeriya ko Nijar sai an tantance masa takardu, misali ta WES, ƙungiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, kuma a duba makarantar na da amincewar ARC-PA, hukumar da ke tantance makarantun PA, in ba haka ba babu zama jarrabawar PANCE, wadda da ita ake samun shaidar zama PA.