Kafin ka yarda da labarin tagwaye

Idan ana kawo labarin tagwayen da suka tashi a rabe don nuna tasirin gado, wato abin da mutum ya gada a jini daga iyaye, shawara ita ce kada labari ɗaya ya ruɗe ka. Akan kawo misalin tagwayen jihar Ohio ta Amurka da suka haɗu a 1979 bayan shekara 39 a rabe, kowanne ya auri wata mai suna Linda, ya rabu da ita, ya auri wata mai suna Betty. Abin mamaki ne, amma wa ya ƙirga inda suka sha bamban?

Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Thomas Bouchard ya yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka kan tagwayen da suka tashi a rabe ya nuna gado na da tasiri sosai. Sai dai abin da ake ambato daga binciken, wato "kashi 70 na basira gado ne", magana ce kan bambanci tsakanin jama'a, ba hukunci kan ɗanka ba. Ka kuma tambaya ko tagwayen sun saba haɗuwa kafin a gwada su.